Kuɗin Shiga da Dukiya: Bambancinsu da Yadda Ake Raba Al'umma Rukuni-Rukuni

Gabatarwa

A bakin jama'a, kalmomin samu da kuɗi da dukiya da arziki sukan maye gurbin juna ba tare da kowa ya damu ba. Idan aka ga mutum yana ɗaukar albashi mai tsoka, sai a ce mai dukiya ne. Idan kuwa aka ga wani cikin tsohuwar riga yana biye da shanu, sai a ce talaka ne. Masana tattalin arziki ba su yarda da wannan gaurayen ba, domin a wurinsu abin da yake shigo wa mutum daban, abin da ya mallaka kuma daban. Rashin bambance su yakan sa iyali su yi kuskuren lissafin halin da suke ciki, hukuma kuma ta yi kuskuren gane wanda ya cancanci tallafi. Wannan darasi zai bayyana ma'anar kowannensu, da yadda jikin halittu yake nuna bambancin a fili, sannan ya duba hanyoyin da masana suke bi wajen raba al'umma rukuni-rukuni, a waje da kuma a ƙasar Hausa.

1. Ma'anar Kuɗin Shiga da Ma'anar Dukiya

Kuɗin shiga shi ne duk abin da ya zo hannun mutum ko iyali a cikin wani ƙayyadajjen lokaci. Albashi da ladan ƙwadago da ribar kasuwanci da kuɗin haya da fansho da amfanin gona duk suna cikinsa. Sharaɗinsa shi ne a ambaci lokaci tare da shi. Idan aka ce wani yana samun naira 70,000, maganar ba ta cika ba sai an ce a wata ne ko a shekara. Alal misali, naira 70,000 a wata shi ne mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Nijeriya ta sanya wa hannu a shekarar 2024, bayan naira 30,000 da aka tsayar a 2019.

Dukiya kuwa ita ce darajar duk abin da mutum ya mallaka a wata rana guda, bayan an cire bashin da ake bin sa. Gida da gona da dabbobi da hatsin rumbu da jarin kasuwanci da gwal da ajiyar banki su ne kadarori. Idan aka tara darajarsu aka debe bashi, abin da ya rage shi ne dukiya. Saboda haka dukiya tana iya zama ƙasa da sifiri, wato idan bashi ya rinjayi kadara.

Randar ruwa ta isa misali. Ruwan da ake zuba mata kullum shi ne kuɗin shiga, wanda ake ɗiba shi ne kashewa, wanda yake kwance a cikinta a lokacin da aka leƙa shi ne dukiya. Randar da ake zuba wa tulu goma a yini ana ɗibar goma, kullum a bushe take kwana. Wadda ake zuba wa tulu uku ana ɗibar biyu, wata rana sai ta cika. Ana iya rubuta wannan a matsayin ƙa'ida:

Dukiyar ƙarshen shekara = dukiyar farkon shekara + kuɗin shiga − abin da aka kashe + ƙaruwa ko raguwar darajar kadarori.

Wannan bambanci ba baƙo ba ne ga ɗalibin da ya karanta babin zakka. Zakkar hatsi ana fitar da ita ne a lokacin girbi, ɗaya bisa goma idan ruwan sama ya shayar da gonar, ɗaya bisa ashirin idan da wahalar ban ruwa aka noma. Wannan hukunci ne a kan abin da ya shigo. Zakkar zinariya da azurfa kuwa, ɗaya bisa arba'in, ba ta wajaba sai sun kai nisabi kuma sun shekara a hannun mai su. Wannan hukunci ne a kan abin da ya taru ya zauna.

2. Darasi Daga Jikin Halittu

Kowace halitta mai rai tana da abin shiga da abin ajiya. Baligin mutum yana buƙatar kalori 2,000 zuwa 2,500 a yini, gwargwadon jikinsa da aikinsa. Wannan ne abin shigarsa. Idan ya ci fiye da buƙata, jiki yakan adana rarar ta hanya biyu. Ta farko ita ce gilaikojin, wani nau'in sitaci da ake tarawa a hanta da tsoka, wanda bai wuce kimanin rabin kilo ba, kuma ƙarfin da ke cikinsa bai fi na abincin yini guda ba. Ta biyu ita ce kitse. Giram ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci kalori 4 kawai gare shi. Mutumin da ke da kilo 10 na kitse a jikinsa yana yawo ne da ajiyar kalori kusan 90,000, wato abincin fiye da wata guda. Gilaikojin ya yi kama da kuɗin aljihu, mai saurin fita da saurin ƙarewa; kitse kuwa ya yi kama da gona ko shanu.

Dabbobi sun bambanta ƙwarai a wannan fanni. Jaɓa, musamman ƙananan nau'o'inta, tana cin abin da ya kusa nauyin jikinta a yini, amma ajiyarta kaɗan ce, har takan iya mutuwa idan ta yini ba ta sami abinci ba. Raƙumi kuwa yana tara kitse a tozonsa, shi ya sa yake jure doguwar tafiya ba tare da kiwo ba; idan ajiyar ta ƙare sai tozon ya saki ya kwanta. Gaiwa takan shige cikin laka idan tafki ya ƙafe, ta rage aikin jikinta, ta rayu watanni da abin da ta tara. Rogo da doya suna tara sitaci a ƙarƙashin ƙasa, kuka kuma tana tara ruwa a gangar jikinta.

Masana halittu ma sun ari kalmomin tattalin arziki don bayyana haihuwar dabbobi. Tun daga aikin Drent da Daan, masana biyu 'yan ƙasar Holan, a kan tsuntsaye a 1980, ana raba dabbobi zuwa masu renon 'ya'ya da jari, da masu reno da abin shiga. Akwai wata ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa, daga dangin da ake kira sil, wadda macenta takan fito gaɓa ta haihu, ta shayar da ɗanta kusan mako huɗu ba ta ci komai ba, har ta zubar da kimanin kashi ɗaya bisa uku na nauyinta. Wannan da jari take reno. Ɓera da ƙananan tsuntsaye kuwa da abin da suka samo a ranar suke ciyar da 'ya'yansu, saboda haka 'yan kwanaki na ƙarancin abinci suna iya halaka sheƙar baki ɗaya.

Wani misalin yana cikin teku. Ƙananan tsirran da ke yawo a saman ruwa, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma, nauyinsu bai wuce kimanin kashi 1 cikin ɗari na dukkan tsirran duniya ba. Duk da haka su ne suke samar da kusan rabin abincin da tsirrai suke haɗawa da hasken rana a shekara. Dalili shi ne suna hayayyafa da sauri, ana kuma cinye su da sauri. Samunsu mai yawa ne, taronsu kaɗan. Dajin manyan itatuwa kuwa akasin haka yake: abin da yake ƙarawa a shekara ɗan kaɗan ne idan aka gwada da katakon da ya tara cikin ɗaruruwan shekaru.

Abin da waɗannan misalai suke koyarwa ɗaya ne. A lokacin yalwa, abin shiga ne yake nuna wanda ya fi jin daɗi. A lokacin tsanani kuwa, ajiya ce take nuna wanda zai kai labari.

3. Lissafin Magidanta Biyu

A ƙaddara akwai magidanta biyu a gari ɗaya. Alƙaluman da ke biye na koyarwa ne kawai.

Na farko ma'aikaci ne, yana ɗaukar naira 300,000 a wata, wato naira 3,600,000 a shekara. Yana zaune a gidan haya. Yana da mota ta naira 4,000,000, da kayan ɗaki na naira 1,000,000, da naira 200,000 a banki. Jimlar kadarorinsa naira 5,200,000. Ana bin sa bashin mota naira 2,500,000 da wasu basussuka na naira 700,000, jimla naira 3,200,000. Dukiyarsa ke nan naira 2,000,000.

Na biyu manomi ne. Idan aka ƙiyasta amfanin gonarsa da abin da yake samu daga dabbobi, har da wanda iyalinsa suka ci, ya kai naira 1,500,000 a shekara. Yana da gonaki na naira 6,000,000, da gida na naira 3,000,000, da shanun huɗa da awaki na naira 2,000,000, da hatsi a rumbu na naira 800,000. Jimla naira 11,800,000. Ana bin sa bashin taki naira 300,000. Dukiyarsa ke nan naira 11,500,000.

Ta fuskar kuɗin shiga, ma'aikacin ya ninka manomin sau biyu da ɗoriya. Ta fuskar dukiya, manomin ya ninka ma'aikacin kusan sau shida. Idan albashi ya tsaya wata uku, ma'aikacin zai shiga cin bashi ko ya sayar da motarsa da araha. Idan damina ta yi gardama, manomin yana da rumbu da awakin da za su kai shi kaka mai zuwa.

Sai dai kada ɗalibi ya yanke hukunci da wuri. Ba kowace kadara ce take juyawa kuɗi da sauri ba. Idan rashin lafiya ta taso cikin dare, gona ba ta biyan kuɗin asibiti kafin gari ya waye. Haka kuma wanda ya sayar da gonarsa don ya ci, ya yanke tushen samunsa na baɗi. Sannan dukiya kanta tana da maƙiya. Farin da aka yi a yankin Sahel a shekarun 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1985, da annobar ciwon bushiya ta 1983, sun mayar da makiyaya da yawa masu garke zuwa masu kiwon shanun wasu. Ba kullum ake kwana a gado ba.

Babban maƙiyin ajiyar kuɗi kuwa shi ne hauhawar farashi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Idan farashi yana tashi da kashi 30 cikin ɗari a shekara, naira 100,000 da aka ɓoye ba za ta sayi abin da ya wuce na naira 77,000 ba bayan shekara, kuma kafin shekara uku rabin ƙarfinta ya tafi. Mai gona ko gida ko shanu ba ya shan wannan duka kamar mai albashi, domin farashin kadararsa yakan bi farashin kaya ya tashi.

4. Dalilin da Ya Sa Dukiya Ta Fi Taruwa a Hannun 'Yan Kaɗan

A kusan kowace ƙasa da aka auna, rabon dukiya ya fi rabon kuɗin shiga karkata. Rahoton Rashin Daidaito na Duniya na 2022 ya nuna cewa kashi 10 cikin ɗari na mutanen duniya da suke sama suna ɗaukar kashi 52 cikin ɗari na kuɗin shiga, rabin mutanen duniya da ke ƙasa kuma suna samun kashi 8.5. Da aka juya ga dukiya, na sama sun mallaki kashi 76, rabin da ke ƙasa kuwa kashi 2 kacal. A Amurka, a shekarar 2022, kuɗin shigar iyalin farar fata na tsakiya ya fi na iyalin baƙar fata da kimanin rabi, amma binciken Babban Bankin ƙasar ya nuna dukiyar na farkon dala 285,000 ce, ta na biyun kuma dala 44,900, wato ninki shida da ɗoriya.

Dalilai uku ne manya. Na farko, wanda samunsa bai wuce abincinsa ba ba shi da rarar da zai ajiye, alhali mai babban samu yana iya ajiye kaso mai yawa. Na biyu, dukiya tana haihuwa. Jarin da yake kawo ribar kashi 10 cikin ɗari a shekara, idan ana mayar da ribar cikinsa, yakan ninka kansa cikin kimanin shekara bakwai, ya ninka sau huɗu cikin goma sha huɗu ko sha biyar. Ɗalibin ilimin halittu zai gane wannan lissafi, domin shi ne lissafin hayayyafar ƙwayoyin bakteriya. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na uku, ana gadon dukiya, ba a gadon albashi. Masanin nan na Faransa, Thomas Piketty, ya yi bayani a littafinsa na 2013 cewa duk lokacin da ribar jari ta fi saurin bunƙasar tattalin arzikin ƙasa, dukiyar da aka gada takan ƙara rinjaye a kan wadda aka samu da aiki.

5. Yadda Masana Suke Fassara Rukunin Al'umma

Rukunin al'umma, ko aji kamar yadda wasu suke kira, shi ne tarin mutanen da matsayinsu ya yi kama da juna ta fuskar tattalin arziki da damar rayuwa. Masana ba su haɗu a kan ma'auni ɗaya ba.

Karl Marx (1818–1883) ya ɗora rukuni a kan mallakar hanyoyin samarwa, wato ƙasa da masana'antu da injuna. A ganinsa, zamanin jari-hujja ya raba mutane gida biyu: masu jari, da ma'aikata waɗanda ba su da abin sayarwa sai ƙarfinsu. A wannan ma'auni, yawan albashi ba ya fitar da mutum daga sahun ma'aikata matuƙar da aikin wani yake ci.

Max Weber (1864–1920), shi ma Bajamushe, ya ga cewa wannan bai wadatar ba. Ya raba al'amarin uku: matsayin mutum a kasuwa, wanda ya haɗa da kadararsa da ƙwarewarsa, martabar da jama'a suke ba shi, da kuma ikon da yake da shi ta hanyar siyasa ko ƙungiya. Ukun sukan tafi tare, amma ba dole ba ne. Akwai mai kuɗin da ba a ganin girmansa, akwai kuma malamin da ba shi da ko sisi amma sarki yana miƙe masa.

Pierre Bourdieu (1930–2002) na Faransa ya faɗaɗa ma'anar jari. Baya ga jarin kuɗi, ya ce akwai jarin al'ada, wato ilimi da takardun shaida da iya magana da sanin yadda ake zama a manyan wurare, akwai kuma jarin jama'a, wato mutanen da mutum ya sani waɗanda za su iya buɗe masa ƙofa. Da wannan ma'auni aka gudanar da wani babban bincike a Birtaniya tare da haɗin gwiwar BBC, wanda mutane fiye da 160,000 suka amsa tambayoyinsa. Sakamakon da aka fitar a 2013 ya raba al'ummar ƙasar rukuni bakwai maimakon ukun da aka saba ji.

Hukumomi kuwa sun fi son ma'aunin da za a iya ƙirgawa. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka tana kiran iyali matsakaici idan kuɗin shigarsa ya faɗo tsakanin kashi biyu bisa uku na samun iyalin tsakiya da ninkinsa biyu. A nan wajibi ne a bambance matsakaicin lissafi da adadin tsakiya. Idan mutum biyar suna samun naira dubu 40 da 50 da 60 da 70 da 780, jimla dubu 1,000 ke nan, matsakaicin lissafi dubu 200. Amma huɗu daga cikinsu ba su kai ko rabin wannan ba. Adadin tsakiya, wato dubu 60, shi ya fi nuna halin yawancinsu.

Rahoton Bankin Raya Afirka na 2011 ya nuna raunin dogara ga abin shiga ko abin kashewa kaɗai. Bankin ya kira duk mai kashe dala 2 zuwa 20 a yini ɗan rukunin tsakiya, ya kuma ƙiyasta su miliyan 313 a 2010, wato kimanin kashi 34 cikin ɗari na mutanen nahiyar. Amma kusan kashi 60 cikin ɗari na waɗannan suna tsakanin dala 2 da 4 ne, inda jinya ɗaya ko rasa aiki ya isa ya mayar da su cikin talauci. Halinsu halin jaɓa ne: suna ci yau, ba su da tozo.

6. Rukuni a Ƙasar Hausa

Tun da daɗewa Hausawa suna bambance masu sarauta da talakawa. A asali, talaka shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta, ko da kuwa yana da hali. Daga baya ne ma'anar rashin abin hannu ta rinjayi kalmar. Wannan tsohuwar ma'ana ta iko ce, ba ta kuɗi ba. A kanta jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a watan Agusta na 1950, kuma Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya, ta gina gwagwarmayarta.

M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya wallafa maƙala a 1959 a kan tsarin matsayi na Hausawa. Ya nuna cewa sana'a ce babban ma'aunin matsayin maza a lokacin: masu sarauta a sama, malamai da manyan attajirai suna biye, sannan manoma da masu sana'o'in hannu. Ya kuma kawo bambancin karda, wato sana'ar da mutum ya gada, da shigege, wadda ya shiga da kansa, inda ta gado ta fi martaba. Wannan bayani ne na yadda jama'ar wancan zamani suke kallon juna, kuma ilimin boko da aikin gwamnati da kasuwancin zamani sun sauya shi ƙwarai.

Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta kuma fitar da littafinta a 1972. Ta ƙaryata zaton da wasu suke yi cewa manoman karkara duk ɗaya suke. Da taimakon mutanen garin, ta raba gidajen manoma kashi huɗu bisa yadda kowane gida yake jure wa lokacin da hatsi ya yi ƙaranci kafin sabon amfani ya nuna: daga waɗanda suke da rarar taimakon wasu, har zuwa waɗanda suke shan wuya ƙwarai. Ma'aunin nata ma'aunin ajiya ne. Gidan da rumbunsa ya ƙare da wuri, maigidan yakan tafi ƙwadago a gonar wani a daidai lokacin da tasa take buƙatar noma, sai amfaninsa na baɗi ya ƙara raguwa.

A Maraɗi, Emmanuel Grégoire ya yi nazarin manyan 'yan kasuwa, Alhazai, a littafinsa na 1986. Ya lura cewa ana auna attajiri da arzikin kuɗi da kuma arzikin mutane, wato yawan yara da barori da wakilan da suke tafiyar da harkarsa. Wannan ya yi daidai da abin da Bourdieu ya kira jarin jama'a. Tasirin gado kuwa yana bayyane a tarihin Kano: Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, ya tara dukiya ta fataucin goro daga Gwanja da cinikin gyaɗa bayan isowar jirgin ƙasa, kuma Aliko Dangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

7. Rukuni da Lafiyar Jiki

Rukuni ba ya tsayawa a aljihu. Yana shiga jini da ƙashi. A binciken Whitehall da aka fara a 1967 a kan ma'aikatan gwamnatin Birtaniya maza kimanin 18,000, an gano cewa yawan mutuwa a tsakanin masu ƙaramin muƙami, irin su masinjoji, ya ninka na manyan jami'ai kusan sau uku. Shan taba da hawan jini da makamantansu sun bayyana wani ɓangare ne kawai na wannan tazara. Robert Sapolsky, wanda ya shafe shekaru yana nazarin gwaggon biri a Kenya, ya ga cewa mazan da suke ƙasa a garke sukan kasance da yawan sinadarin damuwa a jininsu.

A Nijeriya, Binciken Al'umma da Lafiya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A gidajen da suka fi talauci adadin kashi 55 ne, a gidajen da suka fi wadata kashi 17. Abin lura shi ne masu wannan bincike ba sa tambayar albashi. Suna duba kadarorin gida ne, kamar irin daɓen ɗaki da rufi da ruwan sha da makewayi da abin hawa, domin a ƙasar da yawancin mutane ba su da albashi, kadara ta fi faɗin gaskiya. Yaron da ya tsumbure a kwana 1,000 na farkon rayuwarsa yana iya fuskantar wahalar karatu da ƙarancin samu idan ya girma, ta haka talauci yake tsallakawa daga iyaye zuwa 'ya'ya.

Wajibi ne a yi gargaɗi a nan. Misalan dabbobi suna taimakawa wajen fahimtar samu da ajiya, amma ba hujja ba ne cewa an halicci wasu mutane don su zauna a ƙasa. A ƙarni na 19 an yi amfani da sunan kimiyya wajen kare irin wannan ra'ayi, ilimin ƙwayoyin gado kuma bai tabbatar da shi ba. Rukunin mutane tarihi da doka da gado da dama ne suke gina shi, su ne kuma suke iya sauya shi.

Kammalawa

Kuɗin shiga ana auna shi da lokaci, dukiya kuma ana auna ta a rana guda bayan an cire bashi. Na farko yana nuna yadda mutum yake rayuwa yau, ta biyu tana nuna tsawon lokacin da zai jure idan samu ya yanke. Rukunin al'umma kuwa ya haɗa waɗannan biyu da sana'a da ilimi da martaba da iko, shi ya sa ma'auni ɗaya bai isa ya bayyana shi ba. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai riƙa tambaya, duk lokacin da ya ji an ce wane mai kuɗi ne ko ƙasa kaza ta bunƙasa: da wane ma'auni aka auna, kuma nawa ne bashin?

Tambayoyi da Aikin Aji

1. A bayyana bambancin kuɗin shiga da dukiya, tare da misali ɗaya daga jikin mutum da ɗaya daga tsirrai.

2. Wani ɗan kasuwa yana da kaya na naira 900,000 da babur na naira 600,000, ana bin sa naira 1,700,000. Nawa ce dukiyarsa?

3. Idan farashi yana tashi da kashi 25 cikin ɗari a shekara, kayan nawa naira 50,000 za ta saya bayan shekara guda, bisa farashin yau?

4. A kwatanta ma'aunin Marx da na Weber. Wanne ne ya fi bayyana matsayin limamin gari, kuma don me?

5. Malami ya raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, kowace ta tsara jerin kadarori goma da za a iya auna wadatar gida da su a yankinta, ba tare da ambaton sunan kowane gida ba, sannan a tattauna dalilin zaɓen kowace kadara.